Akwatin da Bai San Sunan Uban Kowa Ba: Tafiyata Zuwa Kirgistan

A watan Mayun 2019, ana tsakiyar azumi, wana ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, ƙafarsa da ciwon suga ya taɓa tana miƙe bisa matashi. Ya ce ɗansa na fari zai kammala karatun likita a Bishkek, babban birnin Kirgistan, ga shi kuma an hana shi doguwar tafiya. "Kai za ka je ka tsaya a madadina," in ji shi. "Shekara shida yaron nan yana can, babu wanda ya taka ya ga ɗakin da yake kwana." Ban yi musu ba. Na fara neman biza, na kuma ɗauko taswira don in ga inda ƙasar take. Na same ta a tsakiyar Asiya, maƙale tsakanin Sin da Kazakistan da Uzbekistan da Tajikistan, ba ta da teku, kusan dukkanta duwatsu ce.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, na haura shekara ashirin ina riƙe da alli. Na faɗi wannan ne don mai karatu ya gane abin da ya sa na tafi bikin yaye ɗalibai amma na dawo da labarin jarrabawa.

Daga Abuja muka tashi da dare zuwa Istanbul, wadda kakanninmu ke kira Santambul. Na yini a sabon filin jirginsu da aka koma cikinsa a watan Afrilun shekarar, sannan muka ƙara wajen awa biyar a sama. Muka sauka a filin jirgin Manas gari bai gama wayewa ba. Agogonsu ya riga namu da awa biyar. Ɗan wana yana tsaye a bakin ƙofa, ya yi tsawo, ya ajiye gemu. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baffa, sannu da hanya," mutanen da ke wurin suna ta kallonmu. A motar da ta ɗauko mu zuwa cikin gari na ɗaga kai wajen kudu, sai ga jerin duwatsun Ala-Too, kawunansu fari fat da ƙanƙara, alhali a ƙasa zafi ake yi kamar bazarar Kano.

Bishkek gari ne mai inuwa. Tituna miƙaƙƙu, dogayen itatuwa a jere, ƙananan magudanai na gudu da ruwan dutse a gindinsu. Na yi Juma'a a babban masallacin da Turkiyya ta gina aka buɗe a 2018, wanda aka sa wa sunan Imam Sarakhsi, malamin fiƙihun nan da ya yi shiftar littafinsa Al-Mabsut ga ɗalibansa yana tsare a garin Uzgen, a kudancin wannan ƙasa. Aka yi bikin yaye ɗalibai lafiya, na ɗauki hotuna na tura gida, na ji muryar wana tana rawa a waya. A lissafina aikin da ya kawo ni ya ƙare, saura kwana goma in ga gari.

Maƙwabcin ɗan wana wani saurayi ne mai tura kaya a kasuwar Dordoi, katafariyar kasuwar da aka yi da kwantenoni a arewacin birnin. Sun shaƙu ƙwarai. Da ya ji cewa ni malami ne sai ya daina kirana da komai sai "agai", wato lakabin da suke kiran malami namiji da shi. Wata ranar Alhamis ya shigo ya ce zai tafi ƙauyensu a gundumar At-Bashi ya ɗauko ƙanwarsa da mahaifinsu, domin lokacin jefa "talon" ya yi, ko za mu raka shi? Na tambayi ɗan wana mene ne talon. Ya ce, "Baffa, a nan ƙasar kalmomi biyu ne ke hana iyaye barci a watan Yuli: bujet da kontirak. Bujet ita ce kujerar jami'a da gwamnati ke biya wa ɗalibi. Kontirak kuwa ubanka ne zai biya. Talon shi ne tikitin neman bujet. Mu je ka gani da idonka." Gani ya kori ji. Na ce a tashe ni da asuba.

Tafiyar ta haura kilomita 350. Muka bi gabas ta kwarin Chui, muka wuce Tokmok, inda hasumiyar Burana ta tsohon birnin Balasagun take tsaye tun ƙarni na 11. Muka kutsa mashigin Boom, kogi na ruri a gefe, layin dogo maƙale a jikin dutse. Daga nan muka karkata kudu zuwa Kochkor, garin mata masu ɗinka dardumar ulu da ake kira shirdak. Bayan Kochkor hanya ta fara hawa. Kunnuwana suka toshe, numfashina ya gajarce. A kan mashigin Dolon, sama da mita 3,000 daga doron teku, muka tsaya na sa rigar sanyi a tsakiyar Yuli. Garken dawaki na kiwo ba makiyayi kusa. A bakin hanya yara suna sayar da kurut, dunƙulen busasshen nono mai gishiri kamar ƙananan ƙwallayen fura. Muka gangara Narin, gari siriri da ya bi gefen kogi tsakanin jajayen duwatsu, muka sake hawa, sai ga filin At-Bashi ya buɗe a gabanmu. Sunan yana nufin Kan Doki. Hanyar nan in ka bi ta har ƙarshe za ta kai ka mashigin Torugart, iyakar ƙasar Sin.

Mahaifinsu makiyayi ne, dattijo mai faɗin kafaɗa, sanye da doguwar farar hular ulu da suke kira kalpak. Ya riƙe hannuna da hannu biyu ya yi sallama irin tamu, na amsa. An shimfiɗa ledar cin abinci a ƙasa, an zuba soyayyen fulawa ƙanana da ake kira borsok, ga man shanu, ga shayi ba ya yankewa. Ɗan wana ya riga ya gaya musu cewa mu ba ma cin naman doki, don haka rago suka yanka. Da aka kawo nama sai aka ajiye kan ragon a gabana, domin a al'adarsu na babban baƙo ne. Na yanka na rarraba wa yara kamar yadda aka nuna mini. Aka shafa addu'a.

Bayan an kwashe kwanuka dattijon ya yi wa 'yarsa magana. Ta shiga ɗaki ta buɗe akwatin da ake ajiye kayan aure, ta fito da wata takarda a cikin leda, ta miƙo mini da hannu biyu. Yarinya ce 'yar shekara goma sha bakwai, kumatunta jajaye saboda iskar dutse, tafin hannunta da kanta irin ta mai tatsar shanu. Takardar ita ce shaidar sakamakon jarrabawar da suke kira ORT, wato jarrabawar gama-gari ta ƙasa. Na juya ta a hankali. Ga hotonta, ga sunanta, ga makin babbar jarrabawa, ga na kimiyyar sinadarai da na ilimin halittu, domin likita take son zama. A jikin takardar akwai wasu ƙananan yankuna da aka shirya don a yage, kowanne ɗauke da lambarta da makinta. Na duba ɗaya daga cikinsu sau biyu. Babu sunanta, babu sunan ubanta, babu sunan garinsu. Wannan shi ne talon.

Da maraice aka kira malamar da ta koya mata sinadarai, dattijuwa da ta yi karatu a Bishkek tun ana kiran birnin Frunze, zamanin Tarayyar Sobiyet. Kowa "eje" yake ce mata. Ita ta warware mini zare da abawa, ɗan wana yana fassarawa daga Rashanci.

Ta ce bayan ƙasar ta samu 'yanci a 1991 albashi ya zama ba ya kai mutum ko'ina. A lokacin kowace jami'a ita ke tsara jarrabawar shigarta, ita ke dubawa, ita ke fitar da sunayen waɗanda suka samu bujet. Wuƙa da nama duk a hannu ɗaya. Har da jarrabawar baki, inda mutum uku za su zauna su yi wa yaro tambaya, su rubuta makin da suka ga dama. "Na ga iyaye sun sayar da saniya sun tafi birni da kuɗin a ɗaure a ƙugu," in ji ta. "Wanda ba shi da saniya kuma bai san kowa ba, ko fita ba ya yi. Ɗalibaina mafiya ƙwazo a nan suka tsufa."

A 2002, zamanin Shugaba Askar Akayev, ministar ilimi Kamila Sharshekeeva ta tsaya kai da fata aka ƙwace rabon bujet daga hannun jami'o'i. Aka kawo jarrabawa ɗaya ga ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyar American Councils ce ta fara gudanar da ita da kuɗin hukumar USAID ta Amurka. A 2004 aikin ya koma hannun wata cibiya ta 'yan ƙasa mai zaman kanta, Cibiyar Auna Ilimi da Hanyoyin Koyarwa, wadda ake taƙaita sunanta da CEATM. Cibiyar ba sashen ma'aikatar ilimi ba ce, ba ta jami'a ba ce, kuma ba ta da ko kujera ɗaya da za ta ba wani. Aikinta ta auna ta faɗi maki. Ɗalibai na biyan kuɗin rajista. An tumɓuke Akayev a 2005, an tumɓuke wanda ya gaje shi, Kurmanbek Bakiyev, a 2010, amma kowace shekara jarrabawar na zuwa a lokacinta. Daga 2012 ma har mai neman kontirak sai ya nuna sakamakonta.

Na tambaye ta yadda ranar jarrabawa take. Ta ce a watan Mayu ake yi. Masu sa ido baƙi ne da cibiyar ta horar, su ke zuwa da takardu a liƙe, su ke buɗewa a gaban yara, su ke kwashe amsoshi su koma da su Bishkek, inda na'ura ke dubawa. Yaro ba ya shiga sai da katin shaida da takardar rajista mai hoto. "Ni da na koyar da su, a bayan shinge nake tsayawa tare da iyaye," in ji ta. "Da fari abin ya yi mini ciwo. Daga baya na gane hutu ne aka ba ni. Babu uban da zai ƙwanƙwasa mini ƙofa da dare da cinyar rago." Babbar jarrabawar takan ɗauki sama da awa uku: lissafi, dangantakar kalmomi, fahimtar karatu da nahawu. An tsara ta don a ga yadda yaro ke tunani fiye da abin da ya haddace. Ƙololuwar maki 245 ne. Mai neman shiga takara sai ya kai 110 a babba, 60 a ta darasi. A lokacin fiye da yara 40,000 ke zaunawa a shekara, kujerun bujet kuwa sun ɗan haura 5,000. Kimanin yara 50 da suka fi kowa maki ana ba su takardar zinare, su zaɓi jami'ar da suke so ba tare da takara ba.

Tana magana ni kuma zuciyata ta koma gida. Dattijon ya lura na yi shiru, ya tambayi ɗan wana ko gajiya ce. Sai na ba su labarin da ya shekara takwas yana cina.

Na taɓa samun wani ɗalibi, ɗan mai facin taya, wanda ban taɓa koyar da mai kaifin ƙwaƙwalwarsa ba. Kafin in gama rubuta tambaya a allo ya gama lissafinta a ka. Ya samu gurbi a jami'a, kuɗi ya gagara. Aka sanar cewa wata hukuma za ta ba da tallafin karatu, za a yi jarrabawar tantancewa. Ni na cike masa fom, ni na biya masa kuɗin mota. Hukumar ita ta tsara tambayoyi, ita ta duba, ita ta fitar da sunaye. Ba a nuna wa kowa makinsa ba. Da sunaye suka fito babu nasa. Akwai na wasu da ni na koyar da su, na kuma san iyakar kowannensu. Sau huɗu muna zuwa ofishin. Yau a ce mai sa hannu ya yi tafiya, gobe a ce takardu suna sama. A zuwanmu na ƙarshe muna saukowa daga bene ya tsaya ya dube ni ya ce, "Malam, ni ba sai sun ba ni ba. Nawa na ci?" Ban da amsa. Har ranar da nake zaune a wannan ƙauye na At-Bashi ban da amsa.

Da ɗan wana ya gama fassarawa, eje ta girgiza kai ta ce labarin kamar a garinsu aka yi shi kafin 2002.

Akwai tambayar da duk malamin ƙauye zai yi, na kuwa yi ta. Yaya za a gwada yarinyar da ke tatsar shanu da asuba, wadda sanyin hunturu kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri a garinsu, da ɗan Bishkek mai malaman darasi na kuɗi? Sai yarinyar ta nuna mini launin takardarta. Ashe an kasa 'yan takara gida huɗu bisa ga inda makarantarsu take: Bishkek, hedikwatocin larduna da ƙananan birane, ƙauyuka, sai yankunan tsaunuka masu nisa. Kowane rukuni da launinsa. A kowane fanni ana raba kujeru tsakanin rukunan gwargwadon yawan waɗanda suka nema daga kowanne, don haka 'yar dutse da 'yan dutse take karawa. Akwai kuma kason marayu da naƙasassu. Wannan ya tuna mini tsarinmu na shiga jami'o'in tarayya, inda ake ware kashi 45 ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a take, 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin zamani. Manufar ɗaya ce. Abin da ya burge ni a nasu shi ne ƙa'idar a rubuce take a jikin takardar yarinya tun kafin ta bar gida, babu jami'in da zai canza mata rukuni a ofis.

Eje ba ta ɓoye mini aibun tsarin ba. Ta ce yaran da ke rubutawa da Rashanci sukan fi masu rubutawa da Kirgizanci maki, domin makarantunsu sun fi littattafai da malamai. Ta ce a Bishkek makarantun share fage sun zama kasuwa, mai kuɗi ke shiga. Ta ce da can ana rubuta jarrabawar da Uzbekanci ma, aka soke a 2014, abin da ya ƙuntata wa yaran Uzbek na kudu. Ta ce bujet kuɗin makaranta take ɗaukewa, abinci da wurin kwana na kan iyaye, ɗan alawus ɗin ba ya kai ko'ina. Kuma tsabtace ƙofar shiga ba ta tsabtace duk abin da ke cikin gida ba, har yanzu ana kuka da sayen maki a wasu azuzuwa. "Ma'auni ba ya ƙara wa buhu nauyi," in ji ta. "Faɗa maka gaskiyar abin da ke ciki kawai yake yi. Cika buhun aikinmu ne."

Ranar Lahadi dattijon ya kai tumaki biyu kasuwar dabbobi ta At-Bashi ya sayar, kuɗin hanya da na masauki ke nan. Washegari tun da duhu muka kama hanya mu biyar. Uwar yarinyar ta biyo mu har bakin titi tana addu'a. Yarinyar ta ɗora ledar takardar a cinya ta dafe da hannu biyu, ba ta sake ta ba har muka sauka daga Dolon. Wannan ne zuwanta Bishkek na biyu a rayuwarta.

Muka nufi makarantar koyon aikin likita ta gwamnati mai ɗauke da sunan Akhunbaev. Harabar cike da iyaye, wasu da kalpak, wasu da kwat. A ciki an jera akwatuna a liƙe da hatimi, kowane fanni da nasa, sak irin na zaɓe. Babu teburin da ake miƙa wasiƙar wani babba. Babu wanda ya tambayi dattijon daga ina yake, bai kuma nemi ganin kowa ba. Yarinyar ta tsaya gaban akwatin, ta yage talon a hankali bisa layinsa, ta ce bismillah, ta tura ta ƙaramar kafar. Duka abin bai kai minti ɗaya ba. Dattijon ya ɗaga hannu ya shafa. Na tsaya ina kallon akwatin nan ina tuna matakalar bene da muka hau sau huɗu ni da ɗan mai faci.

A lokacin, in wa'adin karɓa ya cika, kwamiti ke buɗe akwatunan a gaban masu sa ido, a jera talon daga babban maki zuwa ƙarami a kowane rukuni, a ja layi inda kujeru suka ƙare. Safiyar da za a liƙa sakamako mun isa kafin a buɗe ƙofa. Aka fito da takardu aka manna a allo. Mutane suka yi caa. Babu suna ko ɗaya, lambobi ne da maki a gefensu. Yarinyar ta kutsa, ta sa yatsa a kan jerin 'yan tsaunuka, ta bi shi daga sama har ƙasa. Ta koma sama ta sake bi. Sannan ta sauke hannunta.

Lambarta ba ta ciki.

Ta juyo idonta ya ciko. Ni kuma na ji irin nauyin da na saba ji a gida, har na fara tunanin wa za a gani. Dattijon ya matsa gaban allon, ya ciro tabarau daga aljihu, ya ce 'yarsa ta nuna masa lamba ta ƙarshe da aka ɗauka a rukuninsu. Ta nuna. Ya dubi makin, ya dubi takardar hannunta, ya ƙirga da yatsu. Bambancin bai cika yatsun hannu biyu ba. Ya cire tabarau ya mayar aljihu. Ya dafa kanta ya yi magana a hankali. Ɗan wana ya raɗa mini: "Cewa ya yi, wannan yaron ya fi ki da kaɗan, Allah ya sa masa albarka. Ba wanda ya cuce ki. Akwai zagaye na biyu."

Na yi shekaru ina ganin iyaye a gaban allon sunaye. Na ga mai zagi, na ga mai kuka, na ga mai laluben lambar wayar ɗan majalisa. Ban taɓa ganin uban da ɗansa ya rasa ya sa wa wanda ya samu albarka ba sai ranar. Ba don mutanen can sun fi namu haƙuri ba ne. An nuna masa ma'aunin ne, ya auna da kansa, ya ga bai yi ƙarya ba. Ko a kasuwar hatsi, in mai saye da mai sayarwa ba su yarda da juna ba, mai awo ake kira, a cika tiya a gaban kowa. Wanda tiyarsa ta gaza ba ya tafiya da ƙullin kowa a zuciya.

A ƙasar da a lokacin kujera 5,000 ce ga yara sama da 40,000, waɗanda za su rasa sun fi waɗanda za su samu yawa nesa ba kusa ba. Haka abin yake a wurinmu, har ya fi. Saboda haka tsarin tallafi ba a auna shi da farin cikin waɗanda suka samu kaɗai. A dubi waɗanda suka rasa, da wace zuciya suka koma gida. Yaron da ya san ya gaza da maki bakwai zai koma ya buɗe littafi. Yaron da aka hana shi sanin makinsa darasi ɗaya yake koya: karatu ba ya biya, sai kana da uwa a gindin murhu. Wannan darasin ya fi rasa tallafin illa, domin ƙannensa ma za su koya daga gare shi.

Mu ba baƙin jarrabawar bai ɗaya ba ne. Tun 1978 muke da JAMB, tun 2015 kuma gaba ɗaya da kwamfuta ake rubuta ta, yaro yana ganin makinsa a wayarsa. Abin da ya rage shi ne kuɗin tallafi su bi ta irin wannan ƙofa. Duk mai ba da tallafi, gwamnatin jiha ce, kamfani ne ko attajiri mai neman lada, ya faɗi kujeru nawa yake da su da ƙa'idar rabonsu tun kafin a zauna. Ya miƙa awon ga wanda ba shi da kujerar bayarwa. A ware kason ƙauye da na marayu a fili. A liƙa lambobi da maki inda kowa zai gani. Mai kuɗi daban, mai awo daban, mai rabo daban. Ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan bakwai ba a lokacin, wadda a lokacin arzikinta bai kai na wasu jihohinmu ba, ta yi wannan tun 2002. Ba kuɗi yake ci ba, sakin wuƙa yake buƙata.

Jirgina ya tashi kafin a buɗe zagaye na biyu. Dattijon ya rako ni har filin jirgi, ya ɗora mini kalpak a ka, ya ce in gai da wana da jiki. Ina gida da kwana shida ɗan wana ya turo mini hoto ta WhatsApp: yatsa a kan wata lamba a jikin allo. Yarinyar ta jefa talon a sashen horar da malaman sinadarai da ilimin halittu na wata jami'a, ta samu bujet. Ta ce a gaya wa agai, in ta gama At-Bashi za ta koma, ajin eje za ta karɓa.

Da yammacin ranar na hau babur na nufi bakin tasha. Ɗan mai faci yana nan, ya gaji rumfar mahaifinsa, yana da mata da 'ya'ya biyu. Ya taso da sauri ya goge hannu a riga ya ba ni benci. Na ba shi tsarabar kurut, na ba shi labarin akwatin da allon lambobi da dattijo mai tabarau. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Babban ɗansa, ɗan shekara biyar, yana tsugune a gefe yana ƙirga notin taya yana jera su biyar-biyar a ƙasa. Uban ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Malam, kafin wannan ya kai, ka rubuta abin nan a jarida. Ko ba a ba shi ba, a gaya masa nawa ya ci."

Na yi masa alkawari. Ga shi na cika.